Talata, ni da Yaya a asibiti

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Agege a Legas don mu riga cunkoso, amma sai da muka kusa cin awa guda a Oshodi cikin danfo. Yaya yana ta murza ƙaurinsa, jijiyar ta sake ɗaurewa kamar yadda take yi masa da dare.

Shekara huɗu ke nan yana fama da hawan jini, kuma bai cika 40 ba. Magani kala uku yake sha, ba ya fashi, ni shaida ce. Duk da haka da nas ta ɗaura masa abin awo sai ga 172/104. A gida an daɗe da yanke hukunci cewa tunani ne, tunanin tumatirin da ke ruɓewa a mota kafin ya iso kasuwar Mile 12. Inna ba ta ajiye waya sai ta ce ya rage sa abu a ransa. Ni ma na sha faɗa masa haka, kuma yau abin ya tsaya mini a rai.

Likitar ta daɗe tana duba takardar gwajin jininsa. Ta ce fotasiyam ɗinsa, wani sinadari da ke cikin jini, ya yi ƙasa sosai. Ta tambaye shi ko yana yawan tashi fitsari da dare, ya ce har sau huɗu. Sai ta jawo takarda ta zana ƙoda biyu, ta ɗora wa kowace ɗan abu kamar hula. Sunansu adirinal, su ke fitar da sinadarin aldosteron. Idan ya yi yawa, jiki yakan riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da fotasiyam ta fitsari, jini ya hau, tsoka ta yi rauni. Ta ce wani likita ɗan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana ciwon tun 1955, amma har yau mutane da yawa suna shekaru ba a gwada su ba.

Yaya ya ce, "Likita, fotasiyam ɗin ba kanwa ba ce? Sai in riƙa sha." Ta girgiza kai da sauri. Ta ce kanwa ’yar uwar gishiri ce, ƙara masa hawan jinin za ta yi.

Ta kuma tambaya ko yana shan ƙwayoyin ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi da ake saya a kemis ba takarda, don masu sitiroyid a ciki su ma suna tayar da jini. Bai taɓa ba.

Ba ta ce tabbas ciwon ne ba. Za a fara auna aldosteron da renin, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, in sun nuna sai a yi hoton ciki. In ƙari ne ya fito a adirinal ɗin gefe guda ana iya cire shi, wasu jininsu ya sauka, wasu a rage musu magani. In duka biyun ne, akwai ƙwayar spironolactone.

A hanyar dawowa bai yi magana ba sai da muka wuce Ikeja. Ya ce, "Ƙanwata, ashe ba ni nake jawo wa kaina ba." Na kasa amsa masa.

Bayan isha'i na kira Inna na yi mata bayanin hular nan ta kan ƙoda har sau biyu. Ta yi shiru, sannan ta tambayi nawa ne kuɗin gwajin, ta ce a sayar da tunkiyarta. Alhamis da safe za mu koma a ɗebi jinin.