Laraba: saƙon da bai faɗi komai ba

Ko shayi ban gama sha ba Alhaji ya kira. Manhajar da muka haɗa wa shagonsa na magani ta ƙi fitar da rasit, allon kwamfuta sai cewa yake "An samu matsala, a sake gwadawa." Ya ce, "Malam, mutane sun yi layi har bakin ƙofa." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar."

Na buɗe fayil ɗin da manhajar ke rubuta abin da ya faru a cikinsa. Wannan jimlar ce kaɗai, ta maimaitu sau talatin da wani abu. Babu sunan fayil, babu lambar layi. Awa biyu ina laluben duhu kafin na gano inda muka tare kuskuren da except, wato umarnin da ke cafke kuskure kafin ya tsayar da manhaja, muka buga saƙonmu, muka zubar da sauran. Abin ya ci mini rai, domin Python, yaren da muka rubuta manhajar da shi, ya riga ya tattara sawun kuskuren gaba ɗaya, wane aiki ne ya kira wane, a wane layi, har zuwa inda abu ya karye. Mu muka share fili, sannan muka dawo neman sawun akuya.

Na mayar da layin logger.exception, wanda ke rubuta kuskure da sawunsa a fayil, na roƙi yaron shago ya sake gwadawa. Sai ga tiresbak, wato sawun nan na kuskure, layi-layi. Daga ƙasa ake fara karanta shi, don kira na ƙarshe a can yake. Tun fitowar Python 3.11 a 2022 ma har ƴan alamomi yake jerawa a ƙarƙashin ainihin gurbin da ya lalace, kuma yau sun yi mini rana. Ashe wani maganin tari aka shigar jiya ba a sa masa farashi ba, manhajar tana ta ƙoƙarin ninka babu da uku. Gyaran bai wuce minti goma ba.

Da la'asar abokin aikina ya ce a riƙa nuna sawun a allo kawai. Ban yarda ba. Shafin nan mai ruwan ɗorawa da Django, kayan gina manhajar intanet da Python, ke nunawa idan an bar DEBUG, wato yanayin neman kuskure, a kunne yana tona hanyoyin fayiloli da saitin manhaja ga duk wanda ya leƙa. Mun tsaya a kan mai shago ya ga gajeren saƙo da lamba, cikakken sawun kuma ya tafi fayil ɗinmu da wannan lambar.

Na ƙirga, akwai sauran wurare goma sha ɗaya da muka yi irin wannan tarewar. Gobe bayan asuba zan fara da na lissafin kaya.