Abin da Takardar Alƙaluma Ba Ta Rubutawa Game da Mai Tsaro

A nazarin da nake yi na alƙaluman gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, auna mai cin maki bai taɓa ba ni wahala sosai ba. Ana duba makin da ya samu a kan yawan jifar da ya yi, tare da bai wa jifar nesa nauyinta, domin wanda ya jefa 10 daga bayan layin maki uku ya ci 4 ya tashi da maki 12, daidai da wanda ya ci 6 cikin 10 daga kusa. Wurin da aikin yake cakuɗewa shi ne tsaro.

Sai a kakar 1973-74 gasar ta fara rubuta ƙwace ƙwallo da tarewar jifa (wato doke ƙwallon da aka jefa kafin ta kai kwando) a hukumance, wanda ke nufin Bill Russell, shahararren mai tsaron da ya ɗauki kofi 11 a Boston Celtics kuma ya yi ritaya a 1969, ba shi da tarewa ko ɗaya a kundin gasar. Su kansu alƙaluman biyu suna da tarko. Allen Iverson ya fi kowa ƙwace ƙwallo, a matsakaicin lissafin kowane wasa, kaka uku a jere, daga 2001 zuwa 2003, amma ba a taɓa zaɓarsa cikin jerin gwanayen tsaro na shekara ba. Na fahimci yadda hakan ke yiwuwa ne da na riƙa bin motsi ɗaya a faifan wasa: ɗan wasa ya bar mutuminsa ya yi kukan kura zuwa hanyar da ƙwallo za ta bi, idan ya dace a rubuta masa, idan kuma ya kuskure, abokansa huɗu su fuskanci mutum biyar, makin da aka zuba musu kuwa ba a sunansa zai fito ba.

Akasin haka ake gani wajen Rudy Gobert, ɗan Faransa da ya lashe kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu, a 2018, 2019, 2021 da 2024. Sau da yawa mai ƙwallo yakan kutso har kusa da kwando, ya tarar da shi tsaye hannuwa a sama, sai ya fasa jifar ya mayar da ƙwallo baya. An kashe harin, amma takarda ba ta da gurbin jifar da aka fasa, kuma a ganina nan ne mafi yawan aikin mai tsaro yake.

Wannan ya sa na koma lissafin makin da ake ci wa ƙungiya a kowane hari 100 (wato zuwa 100 da abokan hamayya suka yi da ƙwallo a hannunsu) lokacin da ɗan wasan yake fili, in kwatanta da lokacin da yake benci. Ƙirga hari ya fi ƙirga wasa adalci, tunda ƙungiyar da ke wasa da sauri dole a ci mata maki da yawa ko da tsaronta na da kyau. Sai dai ma'aunin yana ɗauke da aikin mutum biyar, kuma raunin wanda ke canjinsa yana iya ƙara masa daraja a banza.

Kyamarorin bin motsi da aka sanya a dukkan filayen gasar a kakar 2013-14 sun rage giɓin, domin suna nuna yadda jifar abokan hamayya ke shiga idan mai tsaro yana kusa. Kyamara dai wanda ya fi kusa take gani, ba wanda koci ya ɗora wa alhakin mai jifar ba, shi ya sa nakan koma faifan wasa kafin in rubuta hukunci.