Ƙanwata ta ƙure ni a firakshan

Jiya da daddare ƙanwata ta kawo min asainmen ɗin lissafi, wai a mayar da 3 1/4 firakshan guda ɗaya, irin wanda lambar sama ta fi ta ƙasa girma, ni mai ƙaton kai nake ce masa. Na karɓi biro ina wani ji da kai don tun firamare na haddace ƙa'idar, ka ninka cikakkiyar lambar da ta ƙasa, ka ƙara ta sama, ta ƙasan ka ƙyale ta yadda take. 3 sau 4 ya ba ni 12, na ƙara 1, na rubuta 13/4 na miƙa mata littafi.

Sai cewa ta yi "Yaya to me ya sa da 4 ake ninkawa ba da 1 ba?" Wallahi shiru na yi, ashe duk shekarun nan hadda kawai nake yi.

Da na rasa abin faɗa sai na zana da'ira uku na raba kowacce gida huɗu, na zana rubu'i ɗaya a gefe na ce ta ƙirga, tana ƙirgawa ni ma kaina yana buɗewa, kowace da'ira rubu'i 4 ke cikinta, uku kenan 12, ga na gefe 13. Lambar ƙasan nan girman yanka take faɗa, shi ya sa ba ta canjawa, ta sama ce ke ƙirga yawansu.

Inda na sha kunya sosai shi ne 2 1/2 sau 1 1/3. Don son sauƙi na ninka 2 da 1 daban, rabi da sulusi daban, na samu 2 1/6, ita kuma ta fara juya su, 5/2 sau 4/3, ta samu 20/6 wato 3 1/3. Nata ne daidai, kuma ko da ido an san nawa ya yi kaɗan tunda bai ma kai 2 1/2 ɗin da aka fara da shi ba.

Yanzu kafin in miƙa mata amsa sai na koma baya na duba, 13 a raba gida 4 ya ba da 3 saura 1, to ya fito. Ta ce gobe akwai masu alamar ɗebewa a gaba irin -2 1/3, na riga na zauna na yi nawa a ɓoye, -7/3 ne, ka juya 2 1/3 tukuna sannan ka mayar da alamar.