Kujera biyu da maki, biyu da kuɗi

Da yawa daga cikin ƴan kasuwar Maraɗi masu zuwa Guwanzu da Dubai da Istanbul saro kaya suna da lambar tara maki ta kamfanin jirgi, makin da ake samu in an yi tafiya, wanda in ya taru ake sayen tikiti da shi, amma kaɗan ne suka taɓa cin moriyarta. A ajans ake yi musu rajista, a rubuta musu lambar a bayan takarda, su jefa cikin jaka su manta. Ni tawa ta Ethiopian ce, ShebaMiles, don ta Adis Ababa nake bi zuwa Guwanzu sayen kayan sola, kuma tun farko na sa wa kaina doka cewa ba a yanka mini tikiti sai an shigar da ita. Makin ya yi ta taruwa ban taɓa shi ba, sai bara da kaka.

Wani abokin ciniki da na daɗe da cire rai da bashin da nake bin sa ya sayar da riɗinsa da wakensa, ya tako har shago ya biya ni. Da daddare na kai wa Inna labari. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, in kana son kuɗin nan su yi albarka, ka kai ni Ɗakin Allah tun ƙafafuna na ɗaukata." Gwiwa ta daɗe tana damunta. Hutun lakkwal na ƙarshen Disamba ya kusa, saboda haka muka yanke a tafi da kowa: ni, Inna, maiɗakina, ɗanmu mai shekara 9, da ƴar goye da ba ta kai shekara 2 ba. Kujera huɗu ke nan, da ɗaya a cinya. Da na ji farashin tikiti a ajans na waɗannan ranaku, sai na ga kuɗin bashin za su ƙare a jirgi tun ba a yi maganar biza da masauki ba. Nan na tuna da makin.

Na buɗe manhajar kamfanin, na sa Yamai zuwa Jidda, mutum huɗu, biya da maki. Babu. Na matsa ranar gaba, babu. Na dawo baya, babu. Amma da na canza zuwa biya da kuɗi, ga kujeru nan birjik a jirgi ɗaya, rana ɗaya. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Yamai, wanda ya ɗan taɓa aiki a wata ajans, shi ya warware mini abin ta waya. "Kawu, rage mutanen. Ka nemi mutum ɗaya tukun, in ya fito ka ƙara ɗaya."

Ga yadda abin yake. Kujerun jirgi a ido iri ɗaya ne, amma a kwamfutar kamfani an kasa su aji-aji, kowane aji da harafinsa da farashinsa. Kujerar maki aji ce mai zaman kanta. A kamfanonin ƙawancen Star Alliance, wanda Ethiopian ta shiga a 2011, EgyptAir da Turkish kuma tun 2008, harafinta X ne a ɓangaren talakawa, I a ɓangaren manya. Kamfani yana sakin ƴan kaɗan ne, waɗanda yake ganin da wuya ya sayar da kuɗi. In ya saki biyu kai kuma ka nemi huɗu, kwamfuta ba za ta ce maka akwai biyu ba, sai ta ce babu. Mutum shi kaɗai ba ya cika gamuwa da wannan matsala. Mai iyali kuwa da ita zai fara cin karo, kuma yawan makinsa ba ya warware ta.

Da na rage zuwa mutum ɗaya sai ranaku suka fara bayyana, amma daga Yamai ba a wuce kujera ɗaya ba a makon da muke so. Sai ɗan ƙanwata ya ce in gwada Kano.

Mu ƴan Maraɗi muna da wata dama da ba mu cika lissafawa ba. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Madawa da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a cikin kar. Kano kuwa ba ta kai kilomita 300 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Ethiopian tana sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kamar yadda take sauka a na Diori Hamani da ke Yamai, kuma EgyptAir ma tana zuwa Kano daga Alƙahira, ita ma makin ShebaMiles yana iya sayen kujerarta tunda ƙawance ɗaya suke. Filin jirgi biyu, hanya fiye da ɗaya, duk da maki guda. Da na sa Kano, kujera biyu suka fito ta Adis Ababa. Na ƙara ta uku, suka ɓace. Na mayar biyu, suka dawo.

To, a nan ne aka yi dogon lissafi, kuma shi ne nake ganin ya fi amfani ga wanda zai bi wannan hanya. Biyu da maki, biyu da kuɗi, a jirgi ɗaya. Amma wa da wa?

Yaro mai shekara 2 zuwa 11 ana yi masa ragi a yawancin tikitin kuɗi, alhali da maki sau da yawa abin da babba zai biya shi ma zai biya. Ɓarna ce ke nan a ɗora yaro kan maki. Jaririn cinya kuma ba shi da kujera, galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, kuma dole a liƙa shi da tikitin wani babba. Wannan ya fi sauƙi a tikitin kuɗi. Saboda haka maiɗakina da yaran biyu suka faɗa ɓangaren kuɗi, ni da Inna ɓangaren maki. Ɗan ƙanwata ya so a juya, ni in shiga na kuɗi, don tikitin maki ba ya haifar da wani maki, na kuɗi kuwa yana haifarwa, kuma ni ne mai asusu. Maganarsa daidai ce a lissafi. Sai dai rajista biyu ce daban, kowace da lambarta mai harafi shida, kuma in jirgi ya makara aka sake raba mutane, kwamfuta ba ta san uwa da ɗa ba, lamba ta sani. Maiɗakina ta yi boko, tana jin Faransanci, za ta iya tsayawa gaban ma'aikaci ta yi magana. Inna ba ta karatu, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ba zan sa sunanta a takardar da babu nawa ba don neman ƴan maki. Abin da na yi, na buɗe wa maiɗakina nata asusun a daren, makin tikitinta ya tafi can.

Daren da muka yanka tikitin ba wuta a unguwa. Muna zaune a tsakar gida da fitilar sola, sanyin hunturu ya fara shigowa, wayata a hannuna, tata a hannunta. Ita ta cika na kuɗi har zuwa shafin biya ta tsaya, ni ina cika na maki, don shi ne mai gudu: kujerar kuɗi in ta tafi akwai wata ko da ta fi tsada, ta maki in ta tafi shi ke nan. Fasfo huɗu da na jaririya a buɗe kan tabarma, an danne su da kofin shayi. Harafi bayan harafi muke karantawa, don mu nan rubutun Faransanci ne a takardunmu, wanda ake kira Usman a gida Ousmane ne a fasfo, kuma gyaran suna bayan an yanka tikiti wahala ce mai zaman kanta. "Alhaji, ka duba na Inna da kyau," in ji ta, "sunan mahaifinta ne a sama, ba nata ba."

Sai batun biya. Tikitin maki ba kyauta ba ne. Makin yana ɗauke kuɗin kujera ne kawai, harajin filayen jirgi da sauran caji suna nan, wasu kamfanonin kuma suna ƙara nasu da suke rubutawa YQ ko YR, kuma da katin banki ake biya. Lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo ta tsaya a hanya saboda rezo, sai da na fita ƙofar gida na ɗaga waya sama kafin ta shigo. Na maki ya wuce. Da aka zo na kuɗi sai katin ya ƙi, ya kai iyakar abin da aka yarje masa a rana. Da asuba na tura wa ɗan ƙanwata kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ya je ya biya a Yamai. Duk wanda zai yi irin wannan, ya je bankinsa da rana a ɗaga masa iyakar tun kafin ya zauna. Kuma kada ya kwanta da lambar rajista kawai ya ce ya gama. Tikiti bai zama tikiti ba sai ya ga lamba 13, na Ethiopian da 071 suke farawa, kowane matafiyi da tasa, har jaririya.

Dawowa ta fi zuwa wuya. A ranar da muka so babu kujerar maki zuwa Kano, amma akwai zuwa Yamai. Na duba gwiwar Inna, na tuna kar da akwatuna da jarkar zamzam ta lita 5 ta kowane mutum, na ce a'a. Muka ƙara ƴan kwanaki a Makka har ranar da kujera biyu suka fito, na lissafa kuɗin masaukin da ya ƙaru, na ga har yanzu da riba. Inna kuwa ko a jikinta, cewa ta yi a ƙara wasu.

Akwai abin da ya kusa fin tikitin ɗaure mu, kuma bai shafi maki ba. Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau, kuma sai allurar ta kwana 10 a jiki kafin a shiga ƙasar. Katin shawara shi ma haka, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Fasfo dole ya rage masa aƙalla wata 6. Wato tafiyar gaggawa zuwa Umra tana da iyakar gaggawarta, kuma ranar da ka fara tunani ita ce ranar zuwa likita, ba ranar da ka samu kujera ba. Sannan masu ajans sun fi son su sayar maka da komai a dunƙule, biza da masauki da jirgi, don a jirgin ma suna da nasu. Sai na zagaya kafin na samu wanda ya yarda ya yi mana biza da masauki kawai, ya bi ranakun da na kawo masa.

Hanyar Kano tana da nata sharuɗɗa. Da safe ake bi, ba wanda bai san halin da yankin Jibiya yake ciki ba, kuma mun kwana a Kano maimakon mu yi tsere da agogo. Mu da muka saba tsallakawa Katsina da katin ɗan ƙasa, wannan karon sai da muka tsaya aka buga mana hatimi a fasfo, na fita da na shiga, don ma'aikatan filin jirgi za su nemi ganin ta inda ka shigo. Wanda ya ga rufe iyaka na 2019 da na 2023 kuma ya san wannan ƙofar ba kullum take buɗe ba. In da watanni ne tsakanina da tafiyar, da na yi ɗari-ɗari da ita. Da yake ƴan kwanaki ne, na saki jiki.

Na roƙi keken guragu wa Inna tun kwana biyu kafin tashi, ba a biyan ko dala, kuma a filin Bole na Adis Ababa ya yi mana rana, don tafiyar ƙafa a cikinsa ba kaɗan ba ce. A nan muka ɗaura harami ni da ɗana, tunda jirgin zai ratsa daidai mikatin Yalamlam kafin ya sauka Jidda. Agogonsu da na Saudiyya ɗaya ne, awa biyu gaba da namu. Ofishin kamfanin ya sa wa rajistarmu biyu alamar cewa tare muke, kuma muka samu layi ɗaya da wanda ke bayansa.

Tun da muka dawo abokan kasuwa ke tambayata ko in sayar musu da maki, ko in nuna musu mai sayarwa. Ba na shiga wannan. Yanka wa iyalinka tikiti daga asusunka halal ne a dokar kamfanonin, sayar da maki ga bare kuwa yana iya sa a rufe asusun, a soke tikitin mai saye yana tsaye a filin jirgi. Abin da nake ce musu, su tono lambobin nan daga jaka su duba wa'adi, don maki yana mutuwa, na Turkish shekara 3 yake yi. Su riƙa ajiye guntun katin shiga jirgi, da shi ake neman makin da bai shiga ba. Su kuma tambayi ajans wane harafi aka yanka musu, don tikiti mafi arha wani lokacin rabin maki yake bayarwa ko ƙasa da haka.

Sai batun lokacin kashe makin. A inda farashin maki yake da jadawali, bai cika motsi ba, alhali farashin kuɗi yana hawa in ranar tashi ta matso, shi ya sa maki ya fi daraja a tafiyar da ba a shirya ba. Ba duka kamfanoni ke haka ba, Flying Blue na Air France da KLM nasu yana hawa da sauka tare da kasuwa. Wani maƙwabcina a kasuwa yana son ya gwada Umrar goman ƙarshe na azumi da maki, shi da matansa biyu. Na ce masa ya nema, amma ya tanadi kuɗin mutum uku a gefe, don lokacin da kowa ke rububin kujera da kuɗi a hannu, kamfani ba shi da dalilin sakin ko ɗaya.