Adana wake ba tare da magani ba: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyo, waken bana ya shiga buhu, an ɗaure baki, ba a sa masa ko ƙwayar magani ba. Buhun PICS muke aiki da shi, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu bincike na arewacin Kamaru: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, mai cin kilo 50 ko 100. Ƙwaron wake da numfashi yake rayuwa. Idan aka toshe hanyar iska, shi da tsutsarsa da ke cikin ƙwaya sukan ƙarar da 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu.

Shanya ce ta fi cin lokaci, kuma nan ne bai kamata a yi gaggawa ba. Wake mai laima idan aka rufe shi funfuna yake yi, ya yi tsami, irin ma ya ƙi tsira. Ga gwajin: a samu busasshiyar kwalba, a zuba wake kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza na minti ɗaya, a bar ta minti 15 a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da wake rana. In waken ya bushe, a bar shi ya huce a inuwa, a sheƙe, a tsince tsakuwa da tsinke, domin su ne ke huda leda daga ciki.

Kafin zubi an gwada kowace leda: a kama iska a ciki, a murɗe baki, a danna. Wadda ta sace tana da huji, a ajiye ta gefe. Ana zuba wake ana jijjiga buhun ya zauna, a bar wajen taƙi biyu a sama. Sai a matse iska daga ledar ciki, a murɗe wuyanta, a lanƙwasa, a ɗaure da robar tayar keke. Ta biyu haka, buhun waje haka. Haɗa su a ɗauri ɗaya kuskure ne, kuma ta nan iska ke shiga.

Yanzu buhunan suna kan katako, nesa da bango da hasken rana, an share ɗakin saboda ɓera. Ba za a buɗe su ba sai bayan wata biyu aƙalla. Kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. Na cin gida yana cikin jarka mai lita 25, cike har wuya, da leda ƙarƙashin murfi. Abin dubawa kowane mako shi ne gindin buhu: huji, ko garin wake a ƙasa. In an gani, a sauya leda a ranar.