Shanshera, Dokar Ciniki da Haƙƙin Manomi

Duk wanda ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure, ko ya gangara fadamun Auyo da Haɗeja a lokacin girbin rani, ya san cewa shinkafa ce gidaje da yawa suka dogara da ita wajen ci da sutura da aurar da 'ya'ya. Sai dai kuɗin da ɗan sari zai taya buhun shanshera a bakin gona yana da alaƙa da shawarar da ake yankewa a Delhi da Bankok da Abuja, wuraren da ba a taɓa tambayar manomin nan ra'ayinsa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yawancin matakan da ke karya masa farashi ba su saɓa wa doka ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ya kamata mu riƙa bambance abin da doka ta halatta da abin da adalci ya yarda da shi.

Indiya ce ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe. Gwamnatinta tana bayyana farashin da za ta sayi shanshera a kowace shekara, tana rage wa manoma kuɗin taki, kuma a jiha irin ta Punjab wutar lantarkin da ake ban ruwa da ita kyauta ce. Ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce irin wannan tallafi a ƙasa mai tasowa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na darajar amfanin da aka noma, amma a taron Bali na 2013 Indiya ta matsa har aka amince cewa ba za a kai ƙarar ƙasar da ta haura iyakar ba, matuƙar domin tara abincin talakawanta ta yi hakan. A 2020 ta sanar da cewa ta haura iyakar a kan shinkafa, ta kuma fake da wannan yarjejeniya. Saboda haka manomin Auyo da ke sayen fetur domin injin ban ruwa, ya sayi taki da kuɗin bashi, da baitulmalin Indiya yake gasa, kuma babu kotun da za ta ce an yi masa laifi.

Duk da haka ban ga yadda za a kira Indiya azzaluma kai tsaye ba, domin hatsin da take tarawa shi take raba wa mutane wajen miliyan 800 da ba su fi namu talakawan ƙarfi ba. Nan ne gasar ƙasashe masu tasowa ta fi wuyar hukunci, tun da kowane ɓangare yana da mayunwatan da yake karewa. Lokacin da Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023 domin ta sassauta wa mutanenta, masu saye a Kwatano da Dakar ne suka ji a jikinsu, da ta janye haramcin a 2024 kuma farashi ya sauko a kan manoman Afirka ta Yamma. Ta rufe an yi kuka, ta buɗe an yi kuka.

Shari'ar auduga ta fi nuna yadda doka take zaɓen wanda za ta share wa hawaye. A 2002 Brazil ta kai ƙarar Amurka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan tallafin da take ba manoman audugarta, wanda ya karya farashi a duniya, ta kuma yi nasara. Shekara guda bayan shigar da ƙarar, Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka gabatar da koke iri ɗaya a taron ƙungiyar da aka yi a Cancun, alhali su ne suka fi cutuwa, domin auduga ce ƙashin bayan tattalin arzikinsu. A ƙarshe, a 2014, Amurka ta biya Brazil dala miliyan 300 aka rufe magana, manomin Mali kuwa ko sisi bai gani ba. Brazil tana da lauyoyi, tana kuma da kasuwar da za ta iya yi wa Amurka barazanar ramuwa da ita, Mali ba ta da ko ɗaya. Hukuncin ya yi daidai da doka, amma diyyar ta tafi inda ƙarfi yake. Ga shi kuma tun Disambar 2019 sashen ɗaukaka ƙara na ƙungiyar ya daina aiki saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, ta yadda ƙasar da aka kayar za ta iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta.

Kantin Kwari ma shaida ce, domin bayan Sin ta shiga ƙungiyar a 2001 atamfarta ta cika rumfuna, masaƙun Kano da Kaduna kuma suka ci gaba da rufewa, ko da yake rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun riga sun kassara su tun kafin nan.

To amma ba zai yiwu mu ɗora komai a kan dokar waje ba, domin ta gida ta fi kusa da tukunyarmu. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa samun dala a farashin gwamnati, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Kebbi, wanda, gaskiya ɗaya ce, da yawa cikin waɗanda suka karɓa ba su biya ba. A Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai, wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Maigatari ba sai a Disambar 2020. Manomin shinkafa ya samu riba a lokacin, aka kafa kamfanonin casa, matasa suka koma fadama. Amma mai kawo dabbobi kasuwar Maigatari daga Nijar, da mai kai kaya Damagaram, da mazauna ƙauyukan kan iyaka da aka hana kai musu fetur a tsakanin kilomita 20, su ne suka biya kuɗin wannan riba, kuma babu wanda ya yi musu lissafin asararsu.

Sai kuma al'amari ya juye. A Oktoban 2023 aka ɗage takunkumin dala, a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama sarrafawa ba, na tsawon kwana 150. Manomin da ya faɗaɗa gonarsa bisa dogaro da tsohuwar doka ya wayi gari farashin shanshera yana sauka, na taki kuwa yana nan a sama. Ba na cewa matakin ba shi da dalili, domin magidancin da ke auna tiya a kasuwar Wudil yana da haƙƙin cin abinci da sauƙi, kuma manomin kansa mai saye ne idan rumbu ya ƙare. Inda na ga an saɓa wa adalci shi ne sauya ƙa'ida tsakanin shuka da girbi, bayan mutum ya riga ya zuba dukiyarsa a ƙasa ba shi da hanyar janye ta.

Malamanmu suna karantar da mu hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, da kuma hanin tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Abin da aka kare a nan shi ne wanda ba shi da labari daga wanda ya riga shi sani. Babban ɗan kasuwar da ke da kunne a Abuja yakan ji ƙishin-ƙishin sauyin haraji, ya fitar da kayansa ko ya dakatar da saye, manomin Garun Malam kuwa sai ya ji a rediyo bayan an gama. Dokar ciniki ta duniya ba ta hana Najeriya tallafa wa manomanta ba, iznin kashi 10 ɗin nan ya haɗa da mu, kuma akwai sassauci na musamman ga ƙasashe masu tasowa a kan tallafin kayan noma ga ƙananan manoma. Da za a riƙa bayyana harajin shinkafa da mafi ƙarancin farashin shanshera kafin a saki ruwan Tiga a magudanan rani, a kuma tsaya a kansu har a kammala girbi, da manomi ya iya yin lissafinsa ya zaɓi shinkafa ko alkama ko tumatir tun bai ci bashin taki ba.