Kukar ƙarfe ta bakin layinmu

Auta ya gama sakandare, sakamako bai fito ba, kullum yana majalisa yana latsa waya. Ana cikin haka wani malami da ya karanta zane da sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ya shigo unguwarmu a Samaru yana neman samari 12 da za su yi aiki tare da shi. Auta ya kai sunansa bai gaya wa kowa ba.

Da Baba ya ji an ce mutum-mutumi, sai ya haɗe rai. "Gunki za a ƙera mana a bakin layi?" Washegari malamin ya zo har zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ba mutum za mu yi ba, ba dabba ba. Kuka za mu yi." Baba ya ɗan yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Ni dai da farko zatona ya samu leburorin banza ne, shi ya kwashe suna. Makon farko ma haka ya yi kama: yawon wajen 'yan jari-bola, ana sayen ƙarfe a kilo. Kacar babur, tsohon salansa, rodi, murafan tukwane da suka ɓule. A jiƙa su da kananzir, a kankare tsatsa, hannun kowa baƙi ƙirin.

Sai da aka fara walda na gane na yi masa mummunan zato. Bai kawo zanen da ya gama ba. Ya kai su gindin wata tsohuwar kuka ya ce kowa ya zana yadda ya gan ta, aka baje takardun a ƙasa, aka yi ta musu har la'asar. Yaron da ya ce kuka sai da kogo shi ya ci gardamar, aka yanka tsohon durom aka bar masa kogonsa.

Ganyen kuwa da marfin kwalba aka yi: a daka shi ya baje, a huda da ƙusa, a ɗaure da wayar jan ƙarfe. Malam ya ce dabarar El Anatsui ce, mai sassaƙa ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, wanda samari da yawa ke taya shi ɗinke marafan kwalba su zama kamar ƙaton mayafi. Nasa na kwalaben giya ne. Namu na lemo ne, kada Baba ya ji wani zance.

Rana ɗaya kawai na ga ran malam ya ɓaci. Auta ya cire tabarau wai yana hana shi gani, ya kwana idonsa na ruwa kamar an zuba masa yashi. Kwana uku aka hana shi taɓa injin.

Reshen da ya yi bayan ya dawo a karkace yake, waldar ta yi kumburi kamar kaluluwa. Na ce wa malam ko zai gyara. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, nasa ne."

Yanzu masu acaɓa da kukar suke kwatance. Jiya da yamma na hango Baba tsaye a gindinta da wani baƙo daga Giwa, yana nuna masa karkataccen reshen da sandarsa.